Iccen da ake sarewa don ya yi kyau

A ƙasar Japon akwai wata sana'a da ake kira bonsai. Ma'anarta shuka cikin kasko. Daga ƙasar Sin suka koyo ta tun ɗaruruwan shekaru. Icce ne na gaske, amma ana rainon shi ya tsaya ɗan ƙarami. Tsawon shi kamu biyu ko uku, siffar shi ta tsohon icce.

Wanda ya dasa ɗan tsiro cikin kasko tun farko, sanda zai samu, don icce ba ya saurin kauri cikin kasko. Saboda haka sai su shuka shi a ƙasa, su bar shi shekaru yana girma. In gindi ya yi kauri, sai maigidan ya ɗauko zarto ya yanke shi, ya bar kututture. Ya shafa magani bisa ciwon don kada ya ruɓe.

Daga nan sai jira. Saiwa tana da rai, tana da abinci a ajiye. Toho yakan fito da yawa. Sai a zaɓi guda mai ƙarfi a bar shi ya zama sabon kai. Bayan shekara biyu ko uku, a sake yanke shi sama da yankan farko. Haka gindi ke zama mai kauri, kai yana sirancewa. Amma ba kowane icce ke jure wannan ba. Iccen nan mai ganye kamar allura, in aka yanke shi ƙasa da ganyen shi, mutuwa yake.

Ni ma na gwada da ƴar tsamiya a bayan ɗakina. Shekara huɗu ina ba ta ruwan alwala. Ranar da na sa mata zarto, maƙwabcina ya ce: "Malam, lahiya kake?" Sati uku ba komi. Kullum da safe in duƙa in duba. Ana cikin na huɗu sai ga toho shida. Na bar guda.

Akwai wani icce da aka fara raino a Japon a 1625. A 1945 yana gidan Masaru Yamaki a Hiroshima lokacin da bom ya faɗa, bai mutu ba. A 1976 aka ba Amurka shi kyauta. Wanda ya fara aikin bai ga ƙarshen shi ba, jikokin shi ma haka.

Kada ka ce wannan wasan masu kuɗi ne. Kai ma kana da kututture a gonarka. Tun 1983, a jihar Maradi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, ya lura sabara da kalgo da ake sassabewa ba su mutu ba, saiwarsu na nan. Manoma suka riƙa barin toho kaɗan masu ƙarfi, suna cire sauran. Ta haka itatuwa miliyoyi suka dawo gonakin Nijar.

Su suna son icce ƙarami, mu muna son babba. Amma hannun guda ne: ka zaɓa, ka rage, ka jira. Bana in ka zo sassabe, dubi kututturen kafin ka sa mishi wuta. Ka bar mishi toho biyu ko uku, ka kare su daga awaki.