TEIDE, DUTSEN DA AKE TSARON DUHUNSA

A cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 300 daga gaɓar Afirka, akwai wani tsibiri da ake kira Tenerif, ɗaya daga cikin Tsibiran Kanari waɗanda ke ƙarƙashin mulkin ƙasar Sifen. A tsakiyarsa ne dutsen Teide yake, mai tsawon mita 3,715, watau babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk ƙasar. Dutse ne mai aman wuta, shi ya sa mutanen tsibirin na farko, waɗanda asalinsu Barbar ne daga Afirka ta Arewa, suka ɗauka wani iblis ne ke zaune a cikinsa.

A shekarar 1954 gwamnati ta keɓe dutsen da kewayensa ya zama gandun ƙasa, a 2007 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Mai jin ƙarfi kan tashi tun da tsakar dare ya yi ta hawa a kan ƙonannun duwatsu, ga sanyi ga ƙarancin iska, don fitowar rana ta same shi a sama. Wanda bai iya wannan ba sai ya shiga keken da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, ya kai shi mita 3,555. Amma taka ƙololuwar sai da takardar izini.

Abin da ya fi jawo masana kuwa shi ne sararin samaniyarsa. Gajimare kan tsaya can ƙasa kamar shimfiɗar auduga, ya bar saman dutsen garau, sai fa ranar da ƙurar Sahara ta ƙetaro teku ta kawo hazo irin na hunturu. A 1856 wani masanin taurari na Sikotland, Charles Piazzi Smyth, ya hau da madubin hangen nesa a kan alfadarai, ya tabbatar da abin da Isaac Newton ya faɗa, cewa daga kan dutse aka fi ganin taurari sosai. A 1964 aka kafa tashar nazarin taurari a Izanya, gefen gandun. Daga nan ne a 1995 aka hango wata halitta wadda ta fi kowace duniya girma amma ba ta kai tauraro ba, a cikin taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, aka raɗa mata suna Teide 1.

To, sai dai hasken birane yana dushe taurari. Saboda haka a 1988 Sifen ta kafa dokar kare samaniya, wadda ta ƙayyade irin fitilun titi da ake sawa a tsibirin La Palma da sashen Tenerif da ke fuskantarsa, ta kuma tsara hanyar jiragen sama.

Har ila yau akwai sauran aiki. Baƙi fiye da miliyan 4 ke zuwa a shekara, motocinsu na cushe hanya, wasu na tattake tsire-tsiren da babu irinsu ko'ina. A watan Agusta na 2023 gobarar daji ta ci har ta iso dab da gine-ginen tashar, da ƙyar aka tare ta. Mahukuntan tsibirin na bukatar kuɗin baƙi, masana na bukatar duhu da tsabtar iska, kuma dutse ɗaya ne tilo za su raba.