Burasels: Birnin Da Hukuncinsa Ke Isowa Har Tukunyarki

 Idan wata rana 'yarki ko ɗanki da ke jami'a ya kawo miki takarda, ya ce an zaɓe shi zuwa kwas na makonni kaɗan a Turai lokacin dogon hutu, a kan siyasa da tattalin arzikin nahiyar, kada ki ɗauka yawon buɗe ido ne kawai aka sa wa sunan karatu. Jami'o'i da dama na shirya irin wannan kwas a watannin Yuni da Yuli, kuma akan kai ɗalibai Burasels, wato babban birnin Beljiyam. To zo mu zaga birnin nan tare, ki ga abin da za a nuna musu.

Za mu fara da dandalin Schuman, inda ofisoshin Tarayyar Turai suka taru. An sa masa sunan Robert Schuman, ministan harkokin wajen Faransa, wanda a ranar 9 ga Mayu 1950 ya kawo shawarar Faransa da Jamus su haɗa kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dabarar ita ce, da kwal da ƙarfe ake ƙera makamai, idan kuwa rumbun ɗaya ne, babu mai iya shirya wa ɗan uwansa yaƙi a ɓoye. A 1951 ƙasashe shida suka sa hannu: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Lukzambag. Yau ƙasashe 27 ne a Tarayyar, bayan ficewar Birtaniya a 2020.

A bakin dandalin akwai wani ƙaton gini mai fukafukai huɗu, Berlaymont, mazaunin Hukumar Tarayyar Turai, wadda ke tsara daftarin dokoki. Tafiya kaɗan da ƙafa sai ga Majalisar Dokokin Turai, mai wakilai 720 tun zaɓen 2024. Harsuna 24 ake aiki da su a zauren, kowa ya yi magana da harshen uwarsa, tafintoci na juyawa nan take. Ɗalibai kan yi darasi da safe, da rana kuma a kai su irin waɗannan wurare su yi wa ma'aikata tambayoyi baki da baki. Gani ya kori ji.

Na san za ki ce, to ni ina ruwana da ofisoshin Turawa? Ai ruwanki har tsakar ɗaki. A 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an samu maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya, ya wuce ƙima a jikinsa, kuma a 2016 ta ƙara wa'adin dakatarwar. Waken nan da suka ƙi, irinsa muke yi wa yaranmu alala da ƙosai. Idan kuwa a Nijar kike, kuɗin sefa da ke bakin zanenki a ɗaure yake da Yuro tun 1999, sefa 656 kusan Yuro ɗaya, babban bankin da ke juya Yuron kuma yana Frankfurt ta Jamus. Ko cakulan ɗin da ya cika shagunan tsakiyar Burasels, koko ne da akasarinsa ke fitowa daga Afirka ta Yamma, musamman Kwaddibuwa da Gana. Manomi na nan, ribar sarrafawa na can. Ɗalibin da ya fahimci yadda ake ƙulla wannan ciniki ya dawo da abin da zai amfani al'ummarsa.

Sai batun da na san ya fi damun ki, wato zaman yaron. Musulmi suna da yawa a Burasels, galibi 'yan asalin Maroko da Turkiyya, waɗanda kakanninsu suka fara zuwa aikin ƙwadago bayan yarjejeniyar 1964. Saboda haka mahautan halal ba su da wuyar samu a unguwanni irin su Molenbeek. Babban masallacin birnin ma yana cikin lambun Cinquantenaire, kusa da dandalin Schuman. Sai dai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka sai ya tanadi jadawalin salla na garin. Ki kuma sani tun 2011 dokar Beljiyam ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Ɗankwali da hijabi ba laifi ba ne a kan titi, amma niƙabi ya shiga dokar.

Kafin ke da maigida ku yanke shawara, ku nemi amsa a rubuce. Wace jami'a ce ke da alhakin kwas ɗin? Za a lissafa makinsa a sakamakon digiri? Ina masauki, kuma na mata daban yake? Wane malami ne zai raka su? Kuɗin ya haɗa da jirgi da inshorar lafiya? Bizar ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90, kuma duk wanda ya ce wa yaronki ya ɓace idan ya isa, ba masoyinsa ba ne.

Idan ya dawo, kada ki tsaya a tsaraba. Ki zaunar da shi ya yi miki bayanin yadda aka hana wakenmu shiga Turai, da abin da ya kamata a gyara. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.