Rigunanmu Sun Bushe, Amma Ba Su Nuna Ba



Makonni uku da suka wuce mun yi niyyar liƙa wani rubutu mai zafi a wannan gurbi na jaridar bango, a kan wani mai buga riguna da ke nan cikin birni. Mun riga mun rubuta shi, har mun sa masa kanu da jan biro. Bai hau bango ba. Wannan da kuke karantawa shi ne ya maye gurbinsa. Tun da yawancinku kun ga yadda rigunan kulob ɗinmu suka koma, har wasu 'yan aji uku suna kiranmu “'yan jaridar da suka tsage”, gara ku ji labarin daga bakinmu.

Tun zangon farko muke son yin riga. Duk shekara a ranar wasannin gidaje kowane gida yana da kalarsa, mu kuwa muna yawo da takarda da biro cikin yunifom, masu tsaron fili suna korar mu kamar 'yan kallo. Sai muka yanke shawarar haɗa kuɗi. Mu 24 ne a kulob. Wasu sun biya a take, wasu da kaɗan-kaɗan daga kuɗin tara. Akwai wata a cikinmu da ta biya da kuɗin ɗinkin hular da ta yi duk tsawon hutu. Muka je kasuwar Sabon Gari muka sayo baƙaƙen riguna na auduga, muka ce za a buga sunan kulob da hoton alƙalami da farin fenti.

Zanen alƙalamin nan ya ci mana mako biyu muna gardama. Wasu suna son ya miƙe, wasu suna son ya karkace. Kafin mu daidaita, ranar Alhamis ta yi, wasanni kuwa ranar Asabar ne.

Shagon da muka kai aikin yana cikin wani lungu a kan hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo. Ɗaki ɗaya ne, da tebur mai tsawo, da gwangwanayen fenti a jere, da firam-firam na katako a jingine da bango. Mai shagon dattijo ne, muna ce masa Baba, yana da yaro ɗaya mai koyon aiki. Da ya ji ranar da muke so sai ya girgiza kai, ya ce, “'Ya'yana, kun zo a makare.” Muka yi ta roƙo har ya karɓa.

Mutum uku muka wakilta su zauna a wurin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sun ga yadda ake yi. Kowane firam an ɗaure masa wata raga mai ƙananan idanu ƙwarai. A kan shafe ragar da wani magani mai jin haske, a ɗora zanen a kai, a shanya a rana na ɗan lokaci. Inda rana ta taɓa sai maganin ya ƙame ya toshe idanun ragar, inda zanen ya kare kuwa sai ruwa ya wanke shi. Ta waɗannan idanu da suka rage a buɗe fenti yake bi ya sauka a kan riga, idan aka ja shi da wani faifan roba mai mariƙin katako. Bugun kansa ba ya ɗaukar lokaci. Baba yana ja, yaronsa yana ɗauke rigar yana hura mata zafi da wata na'ura mai kama da abin busar da gashi, don kada ta manne da 'yar uwarta. Kafin la'asar sakaliya an gama duka 24.

A gefe akwai wani inji mai faranti biyu na ƙarfe, wanda ake sa riga a tsakani a danne. Baba ya kunna shi yana jira ya ɗau zafi, sai aka ɗauke wuta. Yana da ɗan ƙaramin janareta, amma na fitila da fanka ne, ba ya iya ɗaukar wannan inji. Aka jira har magariba, shiru.

Wakilanmu suka shafa rubutun da yatsa. Babu abin da ya biyo hannu. Suka naɗe rigunan a buhu suka kawo, muka yi ta murna. Ranar Asabar muka shiga fili, farin rubutu yana ɗaukar ido a kan baƙar riga, babu wanda ya tare mu. Har shugaban makaranta ya ce mu tsaya a ɗauke mu hoto.

Ƙurar hunturu da zufar fili suka sa mafi yawanmu muka jiƙa rigunan da omo ranar Lahadi. Wadda ta fara gani ta ce ruwan wankin ne ya yi fari-fari, ta ɗauka kumfa ce. Da ta murza, sai harafin farko ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Wasu nasu ya ɓanɓare ya bar inuwar rubutu kawai. Alƙalamin da muka yi mako biyu muna faɗa a kansa, a rigar sakatarenmu hancinsa kaɗai ya rage. Ranar Litinin muka ƙirga, riguna 15 sun lalace. Guda 9 ba a wanke ba, kuma gaskiya ƙiwa ce ta cece su.

A ranar muka zauna muka rubuta wancan rubutu. Mun ce an sayar mana da jabun fenti. Mun ce an raina mu don mu yara ne. Mun yi kira ga ɗalibai da kada wanda ya sake kai aiki wurin. Muka kai wa malaminmu mai kula da kulob don ya sa hannu. Ya karanta har ƙarshe, ya gyara mana kuskuren rubutu guda biyu, sannan ya ce, “Kun je kun ji ta bakinsa?” Muka ce ai ga riguna nan shaida. Ya ce riga ba ta magana. Ya tuna mana cewa a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma gidan Gaskiya na Tukur-Tukur bai fi tafiyar ƙafa daga ganuwa ba. Ya ce ba zai yarda jaridar bango ta Zariya ta yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa ba. Ya sa takardar a durowa ya kulle.

Ranar Laraba bayan an tashi muka tafi, mu kusan goma, da buhun riguna. Mun shirya faɗa. Baba ya ɗauki riga ɗaya ya duba, ya ɗaga ido ya nemi fuskokin mutum ukun nan, ya ce, “Ban ce muku ba su nuna ba? Ban ce ku sa su ranar wasa, amma kada kowa ya wanke, ku dawo mini da su Litinin in gasa ba?”

Shagon ya yi tsit. Ashe ya faɗa, har sau biyu. Wakilanmu sun ji. Ɗaya ya ɗauka dabara ce ta neman ƙarin kuɗi, ɗaya ya ce ai ya taɓa da hannunsa ya ji a bushe, na ukun ya manta. Da rigunan suka lalace kuma kunya ta hana su buɗe baki, suna zaune muka rubuta wancan rubutu, har ɗayansu ya ba da shawarar kanu. Ba za mu faɗi sunayensu ba, domin da waninmu aka aika da wuya a ce ba haka zai yi ba. Sai dai abin da ciwo: kulob ɗin da aikinsa kai labari ne, saƙo mai jimla biyu ya gagare shi daga Babban Dodo zuwa makaranta.

Baba bai yi mana faɗa ba. Da yake akwai wuta a ranar, sai ya ce mu matso. Ya ɗauki ɗaya daga cikin guda 9 ɗin da ba a wanke ba, ya kama rubutun da hannu biyu ya ja. Nan take fentin ya dare, baƙin yadi ya leƙo ta tsakiya. Ya ɗauki wata, ya shimfiɗa a injin, ya rufa mata wata takarda da ba ta kamawa, ya danne kimanin rabin minti. Ya bari ta huce, ya miƙo mana ya ce mu ja. Muka ja. Rubutun ya miƙe tare da yadin, muka saki ya koma yadda yake.

“Kun san ƙosai?” in ji shi. “In mai ya yi zafi da yawa aka tsame da wuri, waje ja, ciki ɗanyen ƙullu. Abin da yaron nan ya hura ranar Juma'a fatar sama kawai ya kama.”

Mu dai abin da muka sani shi ne duk abin da aka shanya iska za ta gama da shi. Ko a marina haka ne: zane yakan fito daga ramin baba da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Malamin Kimistiri ne ya warware mana washegari. Ya ce fentin da Baba ya yi amfani da shi sunansa filastisol, kuma babu ruwa a cikinsa da zai tashi. Garin roba ne mai laushi ƙwarai, irin robar PVC da ake yin bututun ruwa da ita, an dama shi da wani mai. In ka bar gwangwaninsa a buɗe kwana da kwanaki ba zai bushe ba. Da zafi ya wuce na tafasasshen ruwa kaɗan, sai ƙwayoyin robar su sha man su kumbura, fentin ya daskare, ka taɓa ka ji kamar an gama. Amma ƙwayoyin ba su haɗe da juna ba tukuna. Sai zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya ratsa tun daga sama har inda fentin ya taɓa zare, sannan su narke su zama fata ɗaya mai riƙe yadi. Ya ce farin fenti a kan baƙar riga ya fi wahala, don ana zuba shi da kauri kada baƙin ya nuna, mai kauri kuwa zafi yakan daɗe bai kai ƙasansa ba. Wato irin namu ke nan.

Akwai wani fentin da ake damawa da ruwa, wanda yake shiga cikin zare ya yi laushi a jiki. Shi yakan bushe da iska, har ma da hunturu yakan bushe a kan raga ya toshe ta tun ana cikin aiki. Shi ma dai sai an bi shi da zafi kafin ya jure wanki.

Zafin ma in ya yi yawa wata matsalar ce. Baba ya nuna mana wata farar riga da ta yi ruwan ƙwai a ƙirji don ta daɗe a inji, da wata jar jesi ta ƙwallo da farar lambarta ta koma ruwan hoda, domin rinin yadin roba yakan tashi ya shige cikin fenti idan ya sha zafi. In fentin ya ƙone kuma yakan yi wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, shi ya sa ko da sanyin asuba ƙofar shagon a buɗe take. Manyan kamfanoni suna da tanda mai bel, riga ta shiga ta nan ta fito ta can a gashe, da agogon da ke nuna zafi. Baba yana da injinsa ɗaya, da idonsa, da wutar da ba shi ke da ikon ta ba. Wannan ya ɗan sa jikinmu ya yi sanyi, da muka tuna irin kalmomin da muka jera masa a takarda.

'Yan aji shida, mun ji kuna haɗa kuɗin rigar kammala karatu. Ku kai aikinku da sauran aƙalla mako guda. Idan kun je karɓa, ku tambaya ko an gasa, ku kama rubutun riga ɗaya ku ja a hankali a gaban mai shagon. In da hali ku fara karɓar guda ɗaya ku wanke ta sau biyu kafin a buga sauran. A gida ku juya rigar ciki-waje kafin wanki, kuma kada ku ɗora dutsen guga kai tsaye a kan rubutun, roba ce, za ta narke ta bi dutsen. Wanda kuka aika kuma, in ya dawo ku zaunar da shi ya faɗi duk abin da aka ce masa.

Guda 9 ɗin nan Baba ya gasa su a ranar bai karɓi ko kwabo ba, an wanke su sau uku yanzu suna nan garau. Sauran 15 ɗin babu gyara, abin da ya zube ya zube. Ya ce in mun kawo sababbin riguna zai buga mana, mu biya kuɗin fenti kawai, tun da firam ɗinmu yana nan bai wanke ba. Mutum 10 sun kawo. Biyar ba su da halin sake saye, cikinsu har da mai ɗinkin hula. Wakilan nan uku sun ce su za su saya mata, sun fara tarawa a wurin ma'aji, ita kuma ta ce ba ta so, za ta jira hutu ta ɗinka wata hular. Har yanzu ba a gama wannan magana ba.

Wancan rubutu mai jan kanu yana nan a durowar Malam. Mun roƙa ya ba mu mu yaga, ya ce a'a, zai riƙa karanta wa sababbin 'yan kulob duk farkon shekara.