Fankar Hita da Gilashin Gaba a Hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme

Yawancin motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba don wannan ƙasa aka ƙera su ba. Hiace da Sharan da tsofaffin J5 sun ci ƙuruciyarsu a ƙasashen ƙanƙara ta gaske, kafin su biyo ta Kwatano ko Legas su iso tashoshin kudancin Katsina. Sun zo da na'urar ɗumama ciki, wadda direbobi ke kira hita, kuma ita ce abu na farko da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Da zarar ƙaramin lagiretonta ya fara yoyo, sai bakanike ya haɗe bututun ruwan biyu, ya manta da ita. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, babu mai ganin laifinsa.

To amma hita ba ɗumi kaɗai take bayarwa ba. A bayanta akwai fanka, wadda mutanen gareji ke kira bulowa, kuma ita ce ke hura iska ta ƙananan kafofin da ke ƙarƙashin gilashin gaba. Amfaninta yakan fito ne a Disamba da Janairu. Idan aka cusa fasinja 18 cikin bas da sanyin safiya, kowa ya rufe taga saboda hunturu da ƙura, numfashinsu sai ya taru a jikin gilashi mai sanyi ya zama raɓa. Direba ya riƙa tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana goge gilashi da tsumma ko da hularsa, ko kuwa ya gangara gefen titi ya tsaya.

A wata hanya wannan tsayuwa ba komai ba ce. A hanyar da ta ratsa gefen dajin Rugu kuwa, lissafin daban yake. A garin Ƙanƙara ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a daren 11 ga Disamba, 2020. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Direban da ya rayu cikin waɗannan shekaru ya san kwanar da ba a rage gudu, ya san kuma cewa dole idonsa ya hango abin da ke kan kwalta tun daga nesa.

Wani direban bas daga Ƙanƙara, wanda ke yi wa maigidansa aiki bisa balas na kullum, ya kai motarsa wurin wani dattijon mai wayarin a Funtuwa bayan fankar ta yi shiru gaba ɗaya. Buƙatarsa gajeriya ce.

"Baba, a ja mini waya kai tsaye daga batir, a sa ɗan makunni. Yau ban yi lodi ba."

Dattijon bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi tambaya: yaushe ta mutu, kuma yaya take kafin ta mutu? Direban ya ce tun damina lamba 1 da 2 da 3 suka daina aiki, sai lamba 4 kaɗai, ita ma da wani gurnani. Wannan amsa ta yanke rabin aikin. Ƙananan lambobin suna bi ne ta cikin rizista, wani ɗan ƙarfe mai murɗaɗɗun wayoyi da ke rage ƙarfin wuta, ita kuwa lamba ta ƙarshe tana tsallake ta. Ke nan rizista ta riga ta ƙone tun watanni. Abin da ya rage a gano shi ne dalilin da ya sa lamba 4 ta bi sahu.

Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro na fanka, ya ɗaga shi sama: zaren cikinsa ya tsinke. Ya sa sabo mai lamba iri ɗaya, ya murɗa makunni, fankar ta yi nishi sau ɗaya, fiyus ya sake ƙonewa. A nan ne ƙaramin bakanike yakan naɗa zaren waya a madadin fiyus ya karɓi kuɗinsa, kuma daga irin wannan naɗi ne ake jin labarin motar da ta kama da wuta a tsakiyar hanya. Fiyus ɗan aike ne, mutuwarsa saƙo ce cewa wani abu yana cin wuta fiye da ƙima. Dattijon ya cire soket ɗin fankar, ya sa fiyus na uku, ya taɓa bakin wayar da ɗan ƙwan gwaji. Ƙwan ya kama, fiyus bai ƙone ba. Wuta tana zuwa lafiya, hanyarta babu gajeren haɗi. Cutar tana cikin fankar kanta.

Sai da yaronsa ya kwanta rigingine a ƙafar kujerar gaba ya kwance noti uku, sannan aka ga abin da ke ciki. Motar takan ɗauko buhunan masara daga kasuwar Ɗandume, kuma ɓera ya bi hatsi ya yi sheƙa a cikin kwandon fankar. An zazzage ɓawon masara da yagaggen buhu da jar ƙura mai cika tafin hannu biyu. Sandar tsakiya ta bushe har yatsa ba ya iya juya ta, burushin kabon guda biyu da ke goga wa amica wuta sun cinye saura ƙiris. Daga nan jerin abin ya fito fili. Fanka mai nauyin juyawa tana jan wuta da yawa tana ba da iska kaɗan, ita kuwa rizista da wannan iskar take shan sanyi, shi ya sa ta fara tafiya. Fiyus ya jure har ƙarfinsa ya ƙare.

Mai nazarin harshe da ya tsaya a bakin wannan rumfa zai sami abin rubutawa. Baƙin kalmomin gareji suna shiga jinsi ba tare da neman izini ba: hita da bulowa da rizista sun ƙare da wasalin "a", don haka duk mata ne, ana cewa ta ƙone, ta mutu, fiyus da batir kuwa maza ne. Aikatau ɗin kuma na jikin mai rai ne, mota tana ci, tana nishi, tana shaƙewa. Waɗanda ke ƙirƙirar kalmomin kimiyya a ɗakunan taro ba kasafai suke leƙa wannan taska ba, alhali ita ce almajiran sana'a ke koyo da ita a kowace rana.

Gyaran bai kai binciken tsawo ba. An wanke sandar da fetur, aka ɗiga mata baƙin mai, aka goge wuyan amica da takardar yashi mai laushi. Dattijon ya ɗauko burushin wata matacciyar fanka, ya gurza shi har ya shiga gurbinsa, ya liƙa da dalma. Rizista ce ta so ta kawo gardama, domin babu ita a kusa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kowace naira da ta fita daga aljihun direba sai ya ji ta a balas.

"Ɗana, bar ta a lamba 4 zuwa Juma'a, kafin saƙon Kano ya iso. Amma wayar da ka ce a ja, ba da hannuna ba."

Kafin ya sallame shi ya nuna masa wani ɗan maɓalli da direban bai taɓa kula da shi ba, mai zaɓar ko iskar ciki za ta riƙa kewayawa ko ta waje za ta shigo. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, don haka ko babu ruwan zafi a hita, idan aka buɗe mata hanya aka karkatar da ita ga gilashi, tana shanye raɓar cikin 'yan mintuna. Direban ya tura maɓallin, ƙura ta fara fesowa, sai iska mai tsabta ta biyo baya. Ya biya kuɗin fiyus uku da na aiki, ya juya kan motar zuwa tasha ko zai sami layin la'asar.