Sunan Aro a Daular Rum

Barume cikakken ɗan ƙasa suna uku yake ɗauka: na yanka, na zuriya, sai laƙabin gida. Na yankan ba abin damuwa ba ne, don waɗanda aka saba raɗawa ba su kai ashirin ba, Markus ne, Gayus ne, Lusiyus ne, a yi ta juyawa. Laƙabi kuwa sau da yawa tsokana ce ta bi jini. Na Sisero daga wani irin wake ya samo asali, Birutus kuma ma'anarsa dolo. Mata ko na yankan ba a ba su, 'yar gidan Tuliyus sai a ce Tuliya, shi ke nan.

Ni dai na tsakiyan ne ya fi tsaya mini a rai, wato na zuriya. Mu malaman makaranta mun san yadda rajista kan manna wa yaro sunan garinsu ko na mariƙinsa, ya mutu da shi. A Rum al'ada ce ta yi wannan aiki. Duk baƙon da aka ba 'yancin zama Barume, yakan ɗauki sunan zuriyar wanda ya tsaya masa, ko sarki ko gwamna ko wani babba.

Dubi Yuliyus Agirikola, wanda ya yi gwamnan Birtaniya daga wajen shekarar 77 zuwa 84 miladiyya. An haife shi a shekarar 40 a wani gari da ke kudancin Faransa ta yau. Masana na ganin Yuliyus ɗin nan kakanninsa suka samo daga gidan Kaisar, gidan da ya ci mafi yawan Faransa ta yau da yaƙi. Ga shi jikan ya haye teku yana yi wa wasu irin wannan aiki. Surukinsa Tasitus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin yadda ya sa 'ya'yan sarakunan Birtaniya koyon Latin, har suka shiga sha'awar tufafin Rumawa da gidajen wankansu. Mutanen suna ganin wayewa ce, shi kuwa Tasitus bai ɓoye ba, ya kira abin wani ɓangare na bauta. Kuma fa yabon surukinsa yake yi!

Wanda ya fi ba ni tunani shi ne Fulutak, marubucin nan na Girka. Wani sanata, Mestiriyus Fulorus, ya samo masa 'yanci, don haka a hukumance shi Mestiriyus ne. Amma a duk tarin littattafansa da suka iso mana bai kira kansa da wannan suna ba. A jikin wani dutse a Delfi aka tsinci sunan. Ban ce ƙyama yake yi ba, don abokansa Rumawa suna da yawa. Ina dai ganin ya san sunan da ake zuwa gaban gwamna da shi, ya kuma san wanda ake rubuta littafi da shi.

A shekarar 212 Sarki Karakala ya ba kusan duk 'yantattun daular 'yancin zama Rumawa. Wani marubucin zamanin, Kasiyus Diyo, ya ce haraji yake nema. Sunan zuriyar sarkin Aureliyus, sai manomi a Masar da ɗan tireda a Sham duk suka wayi gari Aureliyus. Takardun Masar na bayan wannan shekara cike suke da shi, har magatakarda suka koma taƙaita shi da haruffa uku.