Safune: Ƙauyen da kyamara ta yi wa kwalliya

Mai karatu, bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin ina dalibi a foliteknik na kalli wani tsohon fim mai suna 'Moana'. Ba na katun ɗin Disney na 2016 ba, na 1926 wanda Ba'amurke Robert Flaherty ya ɗauka. Na yi ta cika wa abokaina baki cewa ga fim na zahiri, babu shiri babu ƙari. Ashe ban san dawan garin ba.

A Safune aka ɗauke shi, wani ƙauyen bakin teku a arewacin Savai'i, tsibiri mafi girma a ƙasar Samowa. Flaherty ya zauna can da iyalinsa daga 1923 zuwa 1924, da kuɗin kamfanin Paramount, har a cikin wani kogo yake wanke fim ɗinsa. Za ka ga masunta cikin kwalekwale, yaro yana hawa bishiyar kwakwa, mata suna buga ɓawon itace ya zama zane. A sharhin wannan fim ne John Grierson ya yi amfani da kalmar da ta zama sunan finafinan dokumentari.

To, ina gizo ke saƙar? Lokacin da Flaherty ya isa, tuni mishan suka sauya ƙauyen, mutane na sa tufafin kanti. Shi ya sa aka koma shigar da. Shi ya haɗa "iyalin" da muke gani, ya kuma biya saurayin nan Ta'avale ya jure azabar jarfa daga ƙugu zuwa gwiwa. Amma annobar murar 1918, wadda ta kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar, ko alamarta babu. Haka mulkin Niyu Zilan da suke ƙarƙashinsa, wanda sai 1962 suka fita.

Alhali Safune na da nata labarin. A Matavai akwai marmaron Mata o le Alelo, inda tatsuniyarsu ta ce wani kifi mai siffar maciji ya so budurwa Sina. Da zai mutu ya roƙe ta ta binne kansa, kwakwa ta tsiro a wurin. Duba ɗigo ukun da ke jikin kwakwa: wai idanunsa ne da bakinsa.

Abin da ya sosa min rai, da na waiwayi finafinanmu sai na ga mu ma hakan muke yi wa ƙauye. Baƙauye kullum wawa ne mai gemun roba, ko kuwa ƙauyen ya zama wajen rawa a bakin rafi. Ni kaina na sha yabon irinsu a sharhina, alhali mahaifiyata 'yar ƙauye ce, kuma ban taɓa ganin irin rayuwarta a allo ba.

A 1975 'yar Flaherty, Monica, ta koma Samowa ta naɗo muryoyi da waƙoƙin mutanen, ta ɗora wa fim ɗin da a da bebe ne. Shekara hamsin kafin a ji bakinsu! Mu kuma, mai karatu, yaushe za mu koma mu saurari namu?