Unguwar da Babu Ita a Taswira

Daga tashar Euston ta Landan zuwa Manchesta tafiyar awa biyu ce da ɗoriya a jirgin ƙasa. Daga can na hau taragon cikin gari zuwa bakin ruwan Trafford, inda gidan talbijin na ITV ya gina titin Coronation Street, wasan kwaikwayo mai dogon zango da aka fara haskawa ranar 9 ga Disamba 1960, har yau kuma bai tsaya ba.

Garin wasan, Weatherfield, ƙagagge ne kamar garin Daɗin Kowa na Arewa24. Tony Warren, wanda ya ƙirƙiro shi, lungunan leburorin Salford ya kwaikwaya, musamman titin Archie. An rushe Archie a 1971, na bogin kuwa yana nan daram.

Magina sun yi aiki. Jan bulon ya dafe tamkar ya shekara ɗari yana shan hayaƙi, alhali a 2013 aka gama ginin. Sai ka leƙa taga ka tarar da kango. Falo, ɗakin girki, har cikin mashayar Rovers Return, duk a sutudiyo ake ɗaukarsu.

A ƙarshen titin akwai gadar da, a labarin, tarago ya rikito daga kanta a 2010, lokacin cikar wasan shekara 50. Nan na tsaya ina tuno abin da ɗan titin nan ya gani: kisan kai, gobara, auren da ke watsewa ana tsakar ɗaura shi. Da a ce gaske ne, da tuni kowa ya kwashe komatsansa. A cikin wasan, kowa na da buta a gida, amma shayi sai a shagon Roy mai shayi, asiri kuma ba ya tonuwa sai mashaya ta cika, domin marubuci na neman inda zai tara mutanensa.

Masu kallo sun san da haka, sun kuma lamunta. Abin da ba sa yafewa shi ne a sa wa ɗan wasa maganar da ba halinsa ba. Wasu tsofaffi biyu a ayarin masu ziyarar da na shiga ko kallon gadar ba su yi ba. Gardamarsu a kan Ken Barlow ce, wanda William Roache ke fitowa a matsayinsa tun ranar farko: ɗaya ta ce mutumin kirki ne, ɗaya ta ce tun yana saurayi yake yaudarar mata, ta shiga jero sunayensu da yatsu.